Wata Huɗu a Ajin Koyon Foreks: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Ajin da zan yi magana a kansa na intanet ne, na koyon cinikin kuɗaɗen ƙasashe, abin da aka fi sani da foreks. Ba zan kama sunan malamin ko na makarantarsa ba. Babban mataki na biya, wanda ya haɗa bidiyo 40, da darasin kai tsaye sau biyu a mako, da shiga zaurensa na Telegram inda yake turo sigina, wato ya ce a sayi kuɗi kaza ko a sayar a farashi kaza. Wata huɗu na yi a ciki. Mutum uku sun tambaye ni ko su shiga, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar sau ɗaya.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa: mutumin ya iya koyarwa. Na shiga ban san komai ba, ko kyandir ɗin da ke kan taswirar farashi ban san me ja da kore ke nufi ba. A mako biyu ya fahimtar da ni cewa kuɗi biyu ake haɗawa, kamar yuro da dala, in ka sayi ɗaya ka sayar da ɗayan ke nan. Ya nuna mana fif, ɗan ƙanƙanin motsin farashi a lamba ta huɗu bayan ɗigo, ya ce a yuro da dala cikakken lot, wato ma'aunin girman ciniki, yuro 100,000 ne, kowane fif a kansa dala 10, a lot 0.1 kuma dala 1. Ya koya mana MetaTrader 4, manhajar da ake cinikin a kanta, maɓalli bayan maɓalli, ba ya gajiya da maimaitawa. Akwai wani dattijo a ajinmu da muke kira Baba, ya ajiye aiki ya shigo da ɗan abin da ya tara. Sau uku Baba ya tambayi inda ake sa birkin asara, wato farashin da ciniki zai rufe da kansa don asara ta tsaya, sau uku malamin ya koma baya ya nuna masa ba tare da ya ɓata rai ba. Wannan haƙurin ne ya sa na yarda da shi, kuma yardar ce ta sa ban tambayi sauran maganganunsa da wuri ba.

Maganganun guda biyu ne, kuma su ne aka saye mu da su. Ya ce cikin sigina goma nasa tara na cin riba. Ya ce wanda ya bi shi sau da ƙafa zai riƙa samun kashi 20 cikin ɗari duk wata. Yakan ƙara da cewa kasuwa ce da ake juya dala tiriliyan 7.5 a kullum, mu ɗan cokali ɗaya kawai muke nema a cikin teku.

Lambar gaskiya ce. Bankin BIS da ke Basel a Suwizalan, wanda ke ƙidayar kasuwar duk shekara uku, shi ya fitar da ita a kan watan Afrilun 2022. Abin da malamin bai faɗa ba shi ne kamar rabin wannan kuɗi musaya ce ta ɗan lokaci tsakanin bankuna da manyan cibiyoyin kuɗi, kuma babu wani tulin kuɗi da aka zube ana jiran mai ɗiba. Duk dalar da ta shigo hannunka daga hannun wani ta fito, bayan dillali, wato kamfanin da kake ciniki ta hannunsa, ya yanki nasa a tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa.

Ni mutum ne mai rubuta abu, aikina ne ya saba mini. Tun makon farko na sayi littafi mai layi, duk siginar da ta shigo sai in rubuta rana da lokaci, da farashin shiga, da inda ya ce a ɗebi riba, da inda ya ce a sa birki, in bar gurbi ɗaya na sakamako. Ba don zargi na fara ba, so nake in koyi yadda yake tunani.

Ranar wata Juma'a ta farkon wata, ranar da Amurka ta saba fitar da rahoton ayyukan yi, ya turo mana a sayi fam da dala, saura minti ashirin rahoton ya fito. Na rubuta, na shiga. Rahoton na fitowa kyandir ɗin ya yi ƙasa kamar an yanke igiyar guga, ina riƙe da waya ina kallon lambar ja tana ƙaruwa har birki ya kama. Zauren ya yi tsit. Washegari da safe na buɗe don in sake duba farashin da ya bayar, sai na tarar saƙon ba ya nan. Na hau sama, na gangaro ƙasa, babu shi. Ga shi kuwa a littafina da biro shuɗi, da lokacinsa. Ranar Lahadi rahoton mako ya fito da alamomin kore a jere, cinikin fam ɗin ba ya ciki. Nan jikina ya yi sanyi.

Daga ranar na fara gwada rahotonsa da littafina. A mako 12 na rubuta sigina 118, guda 79 sun ci, 39 sun faɗi. Biyu cikin uku ke nan, ba tara cikin goma ba. Hanyoyi uku na gano da ake bi lissafin ya yi kyau. Wasu saƙonnin asara ana goge su. Cinikin da ya nutse ba a rufe shi, sai a rubuta cewa yana tafiya, ba ya shiga lissafi ko da ya yi mako biyu. Sannan sigina ɗaya yakan sa mata wuraren ɗibar riba uku, in farashi ya taɓa biyu daga ciki kafin ya juyo, sai a ƙirga nasara biyu.

Amma abin da ya fi damuna ba ƙirgar ba ce. Ko da biyu cikin ukun nan, asara nake yi. Ribar takan tsaya a wajen fif 15, asarar kuwa takan kai 45. Ka lissafa: 79 sau 15 ya ba da 1,185, 39 sau 45 ya ba da 1,755. Giɓin fif 570 ke nan, a lot 0.1 dala 570. Kai, ko da tara cikin goman gaskiya ne, ba ya nufin komai shi kaɗai. Wanda ke cin fif 10 sau tara ya faɗi 100 sau ɗaya, ya tashi da asarar 10 tun kafin a cire rabon dillali. A cikin bidiyo 40 ɗin nan babu inda aka zaunar da mu aka yi mana wannan lissafin, alhali shi ne ƙashin bayan sana'ar. Asusuna ya ragu da fiye da rabi, kuma wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda ya fara.

Kashi 20 a wata ma na zauna na lissafa. In ka fara da dala 1,000 kana mayar da riba ciki, a shekara guda ta kusa 9,000, a shekara biyar ta haura dala miliyan 56. Warren Buffett, wanda duniya ke buga misali da shi a harkar zuba jari, kamfaninsa na Berkshire Hathaway wajen kashi 20 yake haɓaka a shekara tun 1965, ba a wata ba. Mai abin da ya ninka wannan sau da yawa, me zai sa ya kwana yana tura wa ɗalibai saƙon su sabunta rajista kafin ƙarshen wata?

Amsar tana cikin darasi na biyu, ban dai lura ba a lokacin. Ya dage lallai sai mun buɗe asusu ta linkin da ya ba mu, wai siginarsa da farashin wannan dillalin ta dace. Daga baya na karanta shafin abokan hulɗa na dillalin, a fili suka rubuta cewa wanda ya kawo musu kwastoma yana da kamasho a kan kowane lot da kwastoman ya yi ciniki. Ka ci ko ka faɗi, nasa ya shiga. Nan na gane dalilin da ya sa sigina ke kai biyar a wasu ranaku, da dalilin da ya sa yake yawan cewa mai tsoro ba ya arziki, a ƙara lot. Karɓar kamasho ba laifi ba ne. Ɓoye shi ga mutanen da ke kiran ka malam, suna ɗaukar shawararka a matsayin ta mai son su, shi ne abin da ban yafe wa ajin ba.

Dillalin kuma rajistarsa a wani ɗan tsibiri take, na nemi sunansa a kundin hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ban samu ba. Yana ba da ƙarfin aro, wato damar yin ciniki da kuɗin da ya ninka naka, har ninki 500. Ma'ana da dala ɗari biyu da 'yan kai za ka riƙe cikakken lot, farashi ya motsa fif ashirin da wani abu, kuɗin sun tafi, kuma irin wannan motsin yuro da dala kan yi shi a awa ɗaya. A 2018 hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin kuɗi a Tarayyar Turai ta taƙaita ƙarfin aro ga ƙananan 'yan kasuwa zuwa ninki 30 a manyan kuɗaɗe, a Amurka kuma ninki 50 ne. Dalilin da ESMA ta bayar shi ne tsakanin kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi, ta kuma tilasta wa dillalai su rubuta nasu kason a tallarsu. Kafin nan, a 2014, hukumar AMF mai irin wannan aiki a Faransa ta bi diddigin kwastomomi kusan 15,000 na tsawon shekara huɗu, ta samu kashi 89 sun tashi da asara. Wata huɗu na yi a aji, ko sau ɗaya ba a ambaci waɗannan lambobin ba.

Ya kuma sha gaya mana cewa in dai ka sa birki, ka san iyakar asararka. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye shingen 1.20 da ya riƙe tsakanin yuro da faran, kuɗin ƙasar, tun 2011 don hana faran yin tsada. Cikin 'yan mintuna faran ya yi tsalle da kusan kashi 30, babu mai saye a farashin da mutane suka sa birki, wasu suka wayi gari dillalai na bin su bashi, kamfanin dillanci na Alpari na Birtaniya ma ya durƙushe. Irin wannan ranar ba kullum ba ce, amma wanda zai ce wa dattijo ya sa kuɗin sallamarsa ya kamata ya ba shi labarinta.

A wata na huɗu, ana darasin kai tsaye, ya buɗe fuskar kwamfutarsa don ya nuna mana ribar da ya ci a makon. Lambobi shuɗaye reras. Sai idona ya kai can saman tagar MetaTrader, kusa da lambar asusun, na ga an rubuta Demo. Asusun gwaji ne, kuɗin wasa, wanda kowa ke iya buɗewa kyauta ya sa wa kansa miliyan. Na ɗauki hoto. Bayan darasi na tura masa saƙo shi kaɗai, ban yi a zaure ba. Na ce: "Malam, barka da dare. Don Allah in ba damuwa, a taimaka mana da lambar sirrin kallo ta asusunku na gaske, ko shafinku na Myfxbook, mu ga tarihin shekara ɗaya." Lambar sirrin kallo ba ta barin mutum ya taɓa kuɗi ko ya buɗe ciniki, kallo kawai, kuma Myfxbook na nuna ko asusu na gaske ne ko na gwaji, da mafi zurfin faɗuwar da ya taɓa yi. Ba abin da zai rasa in ya bayar.

Ya amsa da cewa: "Ɗan'uwa, wanda bai yarda da malaminsa ba ba ya ganin haske. Ka gyara tunaninka." Na sake roƙo cikin ladabi, na haɗa da hoton shafi biyu na littafina. Kwana biyu bayan nan na nemi zauren na rasa, an cire ni, saura mako uku kuɗina su ƙare. Na rubuta wa masu kula da ɗalibai sau biyu, shiru.

To ga hukuncina. Bidiyo goma na farko suna da kyau, sai dai abin da ke cikinsu akwai shi kyauta a wurare da dama, kuma asusun gwaji zai koya maka maɓallan ba tare da ka biya kowa ba. Darasin kai tsaye yana da daɗin sauraro. Zauren sigina, wanda shi ne ya ci mafi yawan kuɗin rajistar, ba na ba kowa shawarar shigarsa. Ga mutum ukun da suka tambaye ni, na ce kowane malami suka samu, wannan ko wani, su nemi tarihin asusunsa na gaske na aƙalla shekara ɗaya wanda wani ne ya tantance, ba hoton waya ba, su tambaye shi ƙarara ko dillali na biyan sa a kansu, su kuma yi wata uku suna rubuta siginarsa a takarda kafin su sa ko dala ɗaya.

Mako guda bayan an cire ni, Baba ya kira ni da dare. Ya ce an sanar a zaure cewa an kori wani mai yaɗa mugun tunani, shi kuma ya gane ni ne. Muryarsa a ƙasa take. Ya ce: "Ɗana, gaya mini gaskiya, me ka gani?" Na ce: "Baba, bari in turo muku littafin ku gani da idonku." Na ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, muka zauna a waya fiye da awa guda, yana karanto mini tarihin asusunsa ina nemo ranar a littafi. Da muka zo kan cinikin fam na ranar Juma'ar nan, ya yi shiru, sannan ya ce shi a lot 0.5 ya shiga. Kafin mu ajiye waya ya tambaye ni inda ake danna cire kuɗi, na bi da shi mataki-mataki har saƙon tabbaci ya shigo masa.