Babban taro ko zaman aji-aji: wanne zai shigar da karatu cikin gida?

Malama, Allah ya ƙara basira. Kin ce ke ce shugabar wata makarantar firamare, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai sun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, kuna son shirya abin da zai sa iyaye su riƙa taya 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu a gida. Kan malamanki ya rabu: wasu na son babban taro na yini guda, da rumfuna da manyan baƙi da gasar karatu, wasu kuma na son a riƙa kiran iyaye aji-aji, kaɗan-kaɗan, a zauna da su tare da 'ya'yansu. Kika ce wanne ya fi. Ni zaman aji-aji nake goyon baya, amma akwai wani aiki guda da sai taron manya ne zai yi miki shi.

Duba wanda zai zo tukuna. Babban taro na maza ne. Dagaci, mai unguwa, liman, kansila, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, su ne a kujerun gaba. Matan da suka samu fitowa suna can baya da goyo, rana na dukansu, lasifika na ƙara, rabin maganar ba ta isa kunnensu. Alhali daga tashi makaranta har barci, yaro yana hannun uwa ne, ko kaka, ko yayarsa. A zaman aji kuwa su ne baƙin. Uwa ashirin ko ashirin da biyar a kan benci ko tabarma, kowace da ɗanta a gefenta, malama na ganin fuskar kowa.

Sai abin da za a koma gida da shi, kuma nan ne bambancin ya fi girma. A babban taro jawabi ake yi: ku kula da karatun 'ya'yanku, ilimi gishirin zaman duniya. Babu uwar da ba ta taɓa jin wannan ba, babu kuma wadda ke musu. Abin da ke ranta shi ne, “Ni da ban yi boko ba, me zan koya masa?” Ba za ta ɗaga hannu a gaban dagaci ta faɗi haka ba. A cikin aji, tsakanin 'yan uwanta mata, za ta faɗa, kuma akwai amsa.

Amsar ita ce ba sai ta iya boko ba. Mata da yawa sun yi makarantar allo ko Islamiyya, sun wuce babbaƙu da farfaru, sun san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da sauti. Malama ta rubuta ba, bi, bu a allo ta ce musu abin nan da kuka sani ne ya sauya tufafi, nan take za ki ga sun saki jiki. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saboda haka yaron da ya kama sautin haruffa ya iya haɗa gaɓa zai karanta ka-za, ra-go, ta-sa da kansa. A kan wannan aka gina shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Uwa ba za ta zama malamar aji ba. Aikinta ta zaunar da yaro minti goma, ya karanta mata da ƙarfi yana bin kalmomin da yatsa, ita kuma ta saurara ta yi tambaya: wane ne wannan a hoton, ina za shi, me ya sa yake kuka, kai da me za ka yi? In ya faɗi abin da bai yi ma'ana ba kunnenta zai kama, domin Hausarta ce, sai ta ce sake dubawa.

Wannan tambaye-tambayen ba ƙaramin abu ba ne. A 1988 wani mai bincike, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa a Amurka sun koya wa wasu iyaye yadda za su riƙa yi wa ƙananan 'ya'yansu tambayoyi suna duba littafin hotuna, maimakon su karanta musu kawai. Bayan wata guda yaran sun fi takwarorinsu iya furta magana. Abin lura shi ne nuna wa iyayen aka yi, suka gwada. Gani ya kori ji. Haka nake so ki yi: malama ta nuna da yaro ɗaya a gaban aji, sannan kowace uwa ta gwada da nata a nan take, malama na zagayawa tana gyarawa cikin ladabi. A ƙara da tatsuniya. Uwar da ke yi wa yaro “ga ta nan ga ta nanku” da dare, ta sa ya maimaita mata labarin Gizo da bakinsa, tana koya masa farko da tsakiya da ƙarshen labari, abin da zai buƙata ranar da ya fara karanta shafi cikakke.

Gasar karatu ce ta fi damuna a tsarin babban taro. Za a zaɓo yara biyar ko shida da suka riga suka iya, su karanta, a tafa, a ba su kyauta. Sauran fa? Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi suna da shekara goma. Wato yawancin iyayen da ke wurin, 'ya'yansu na cikin 'yan kallo. Uwa ta koma gida da zaton nata ɗan ba shi da ƙwaƙwalwa, wataƙila har ta yi masa gori. Ina ganin wannan ɓarna ce, ba taimako ba.

Maganar kuɗi gajeruwa ce. Hayar rumfa da kujeru, janareta da mai, lasifika, lemo da abincin baƙi, kafin magariba duk sun tafi. Kuɗin nan in aka kai su shagon fotokwafi, kowane yaro zai samu littafinsa. Takardar A4 guda, in aka ninke ta aka tsaga tsakiya, tana zama ɗan littafi mai shafi takwas. Malamanki za su iya rubuta gajerun labarai da haruffan da yaran suka riga suka koya, kuma a shafin intanet na African Storybook akwai labaran Hausa masu hotuna da ake saukewa kyauta a buga. Ki tsaya da kanki ki duba kwafin farko, don wasu kwamfutocin suna cinye ƙ da ɗ da ɓ. Ki kuma leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ki tambaya ko akwai littattafan karatun Hausa a ajiye.

Yanzu inda babban taro ya fi. Mata da yawa ba za su fito ba sai da izinin maigida, maigida kuma ya fi jin maganar liman da mai unguwa a kan takardar gayyata da yaro ya cusa a jaka. Sannan taron yini ɗaya ne, a gaji sau ɗaya a huta. Zaman aji-aji yana cin malamai: ajin da ke da yara ɗari sai an raba shi huɗu, kuma zama na biyu ba ya cika kamar na farko. Kada a ɓoye wa malamai wannan, a raba aikin tun farko.

Saboda haka ki ɗauki amfanin taron ki bar tsadarsa. Ki nemi mai unguwa ya tara iyaye maza a ƙofar gidansa ko ƙarƙashin bishiyar makaranta, awa ɗaya, ba rumfa ba abinci. Roƙo biyu kawai: su bar iyalansu su zo, kuma su ma yaro ya karanta musu ko da shafi ɗaya ne. Liman ya maimaita sanarwar bayan sallar Juma'a. Daga nan sai a fara zaman mata, malama mace ce za ta jagoranta, kada ya wuce awa ɗaya. Wadda ke da babban yaro ɗan aji biyar ko shida ta zo da shi, don a gidan yawa shi zai riƙa karanta wa ƙannensa har da 'ya'yan maƙwabta.

Ki kauce wa ranar kasuwa, lokacin shuka da girbi, da watan azumi. Alhamis da la'asar takan yi daidai, tunda yawancin makarantun allo suna hutu ranar. In kina son jingina abin da wata rana sananniya, 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, tana faɗowa cikin zango na biyu da rani, ta fi 8 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Jahilci, wadda ke zuwa ana tsakiyar aikin gona. Ki bar kowace uwa ta zaɓi lokacin karatunta a gida, domin bayan magariba na karatun allo ne a gidaje da yawa, wasu yaran kuma suna talla da yamma.

Kafin zaman farko, kowace malama ta ba yaranta kalmomi goma masu sauƙi su karanta ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta nawa kowa ya iya. Duk mako biyu yaro ya dawo da littafinsa a musanya masa da wani. Bayan mako shida a sake gwada su da wasu kalmomin goma irin na farko, sakamakon nan shi za ki kai wa kwamitin SBMC lokacin da za ki nemi kuɗin buga littattafan zango na gaba.