Allura ko jel? Amsa ga ɗan'uwanmu mai takardun gwaji biyu

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Shekarunka 46, wata bakwai ke nan ana yi maka allurar Sustanon 250, ta ƙara sinadarin mazantaka wato testosteron, duk bayan mako uku. Ka yi gwajin testosteron sau biyu a wurare daban-daban, takardar farko ta nuna 34 nmol/L, ta biyu ta nuna 260 ng/dL. PCV ɗinka kuma, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya tashi daga 45 zuwa 51. Likita ya ce ko a ci gaba da allura ko a mayar da kai kan jel na shafawa, kai kuma kana so a ajiye maka su gefe da gefe. A ƙarshen saƙon ka ce kana da yaro ɗan shekara biyu, kuma kai da uwargida kuna fatan a yi masa ƙani.

Aikina gwajin jini ne, don haka da takardun zan fara.

Ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne, kamar mudu ne da tiya. Duk 1 nmol/L daidai yake da kusan 28.8 ng/dL. Ke nan 34 ɗinka ta farko ta kai wajen 980 a ɗaya ma'aunin, 260 ɗinka ta biyu kuwa kusan 9 ce kawai. Lambar da ka ɗauka ƙarama ita ce babba. Da na tambaye ka ranakun, ka ce an ɗebi jinin farko kwana shida bayan allura, na biyu kuma ana gobe za a yi maka wata. To babu ɗakin gwajin da ya yi maka kuskure. Halin allurar ke nan.

Sustanon haɗin nau'i huɗu ne na testosteron a cikin mai. Yana kaiwa ƙololuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan sai ya riƙa sauka har ya dawo ƙasa wajen kwana 21. Enantet da sifiyonet, wasu alluran testosteron ɗin, su ma haka suke idan aka yi su 200 mg duk mako biyu. Shi ya sa masu wannan allura kan ce makon farko kamar an sabunta su, wasu har da saurin fushi da ƙuraje, makon ƙarshe kuma sai kasala da mutuwar jiki su dawo. Jel ba ya wannan hawa da sauka. Kana shafa shi kullum da safe a kafaɗa da dantse, fata ta sha kusan kashi 10 cikin 100, ya riƙa shiga jini a hankali. Cikin 'yan kwanaki yake daidaita, idan kuma aka daina, cikin kwana uku zuwa huɗu ya fita daga jiki. Wannan saurin fita alheri ne in matsala ta taso, domin allura in ta shiga babu mai iya janyo ta.

Akwai wata allurar testosteron da ba ka ambata ba, Nebido, 1000 mg a cikin 4 ml na man zurma. Ana yin ta farko, a yi ta biyu bayan mako shida, daga nan sai duk mako 10 zuwa 14. Ta fi Sustanon tafiya a miƙe, sai dai tana da tsada, kuma dole a tura ta a hankali a hannun ma'aikacin lafiya, saboda wani lokaci man kan shiga jijiya ya tayar da tari da ƙuncin ƙirji nan take. Tunda an zo kan mai, shi Sustanon a cikin man gyaɗa aka haɗa shi, wanda gyaɗa ko waken suya ke tayar wa borin jini ba a yi masa ita.

Lokacin ɗibar jini ya bambanta, kuma nan ne na fi ganin mutane suna ɓarnatar da kuɗinsu. Mai enantet ko sifiyonet a tsakiyar tazara ake ɗibar masa, tsakanin allurar da ta wuce da mai zuwa. Mai Nebido da mai Sustanon galibi ana ɗiba dab da allura ta gaba, don a ga ƙasan da yake sauka. Mai jel kuwa sai ya yi aƙalla mako guda yana shafawa, sannan a ɗiba awa 2 zuwa 8 bayan shafawar ranar. Kuma kada a ɗiba daga hannun da jel ya taɓa. Ɗigonsa kaɗan in ya bi allurar ɗiba, takarda za ta fito da lamba mai ban tsoro, a rage wa mutum magani ba gaira ba dalili. Ina roƙonka, duk takardar da ka karɓa ka rubuta ranar allurarka ta ƙarshe a samanta da biro. Lambar da ba ta da rana ba ta gaya wa likita komai.

Abin da ake nema shi ne tsakiyar ma'aunin lafiyayyen namiji, ba samansa ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ɗauki ƙasa da 300 ng/dL a matsayin ƙaranci, ta kuma ce a nemi 450 zuwa 600 ga wanda ke kan magani. Kai kana lilo ne tsakanin 980 da 260, kana wuce wannan tsakiya sau biyu a kowane zagaye ba ka zauna a cikinta.

Sai PCV, kuma a nan jel ya fi. Testosteron yana sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini, kuma hawan da allurai masu saurin ƙarewa irin su Sustanon ke yi shi ya fi ingiza wannan. Mu a nan mun saba da tsoron ƙarancin jini, har mutum ya ga 51 ya yi murna ya ce jini ya cika. Ba haka ba ne. Jini in ya yi kauri yana wahalar gudu, yana iya daskarewa a ƙafa ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Iyakar da aka fi yarda da ita 54 ce: in an kai nan sai a dakatar da maganin ko a rage, wani lokaci a ɗebe jini. Kai ba ka kai ba, amma ƙarin shida cikin wata bakwai ba abin sakaci ba ne. Ka sake gwajin da safe bayan ka sha ruwa sosai, domin zafin bazara da azumi suna busar da jiki su ɗaga lambar. Shan taba yana ɗaga ta. Haka ma minshari mai ƙarfi da numfashi ke tsayawa cikin barci, kuma wannan uwargida ce za ta fi ka sani, ka tambaye ta. Idan aka zauna kan allura, akwai mafita: a raba ta ƙanana, misali enantet 75 zuwa 100 mg kowane mako, sai hawan ya ragu.

Amma jel yana da nasa, kuma a gida irin naka ba ƙarami ba ne. Yana bin fata ya koma jikin wani. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a saka gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa, bayan an samu ƙananan yara da gashin mara da girman al'aura saboda goguwa da jikin iyayensu. Mace ma takan samu ƙuraje da gashin fuska, mai juna biyu kuwa haɗarin ya shafi abin da ke cikinta. Yaro ɗan shekara biyu a kafaɗa yake rayuwa, kai kuma ga ka da singileti a tsakar gida saboda zafi. Ana iya kiyayewa: ka shafa, ka bari ya bushe, ka wanke hannu da sabulu, ka sa riga mai rufe wurin, ka wanke wurin kafin kwanciya da iyali. Sai dai kullum ne, babu hutu. Alwala ba ta taɓa shi tunda gwiwar hannu ce iyakarta, amma wanka sai an jira awanni gwargwadon abin da takardar maganin ta faɗa, don haka a yi wanka tukuna sannan a shafa. Wasu kuma fatarsu ba ta shan sa yadda ya kamata, ga gumi. Allura ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta fi samuwa a kasuwarmu, ta fi sauƙin kuɗi. Kowace za ka saya, ka duba lambar NAFDAC, ka saya a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani.

Batun zuciya, babban binciken da ake dogaro da shi, TRAVERSE, ya fito a 2023. An bi maza sama da 5,200 masu shekara 45 zuwa 80 waɗanda ke da ciwon zuciya ko haɗarinsa. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun kama kashi 7.0 na masu magani, kashi 7.3 na waɗanda aka ba jel marar magani, wato babu ƙari. An dai ga ƙarin rikicewar bugun zuciya da gudan jini a huhu. Abin lura shi ne jel aka gwada, ba allura ba, kuma an kula kada lamba ta wuce gona da iri. Wannan tabbaci bai shafi mutumin da ke kaiwa 980 duk mako uku ba.

Batun PSA ɗaya ne ko allura ce ko jel. Gwajin furostet ne, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ya kamata a ce an yi maka kafin a fara, musamman da yake baƙar fata sun fi fuskantar sankararsa, shi ya sa ake fara duba irinmu tun daga shekara 40. In ya ƙaru da fiye da 1.4 cikin shekarar farko, ko ya haura 4, sai likitan mafitsara. Ban ga shi a cikin abin da ka turo ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda ka saka a layin ƙarshe kamar ƙarin bayani. A batun haihuwa, allura da jel duk ɗaya ne, duka suna rufe ƙofa. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ga maraina ta sinadarai biyu, LH da FSH. In ta ga testosteron ya wadata a jini daga waje, sai ta daina aikawa. Maraina su kwanta, su ɗan motse, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu su ƙare ƙaf. Ruwan maniyyi yana fita yadda ya saba, ƙarfi ma ya ƙaru, shi ya sa mutum ba ya zargin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar enantet 200 mg kowane mako a matsayin tsarin iyali na maza, sakamakon da ya fito a 1990 ya nuna kusan biyu cikin uku ba su da ƙwaya ko ɗaya cikin wata shida. Ni kaina na sha karɓar maniyyin magidanci a ga babu komai, bayan matarsa ta yi shekara tana shan magunguna da jiƙe-jiƙe da gorin dangi, sai a ƙarshe a gano allurar ƙarfi yake karɓa a wani kemis. Ba na so uwargidanka ta shiga wannan hali.

Akasarin maza suna farfaɗowa bayan an daina, mafi yawa cikin wata 6 zuwa 12, wasu sai shekara biyu, kuma yawan shekaru da daɗewa kan magani suna ja da abin baya. Akwai hanyoyin da ke ɗaga testosteron ba tare da kashe ƙwayoyin ba, allurar hCG ko ƙwayar kulomifin, amma suna aiki ne in marainan kansu lafiya suke. Abin da zai nuna haka shi ne LH da FSH ɗin da aka auna kafin a fara maka magani. In sun yi sama, matsalar a maraina take. In suna ƙasa ko daidai, daga ƙwaƙwalwa take, kuma a nan sai a duba furolaktin (wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa), ƙiba, ciwon suga, da magunguna irin su tiramol da kodin, waɗanda ke danne testosteron sosai. In ka auna LH yanzu za ka gan shi kusa da sifili, wannan aikin allurar ne, ba sabuwar cuta ba.

Ka nemo takardunka na farko. An auna sau biyu, da safe kafin ƙarfe goma, kafin ka ci komai? Kana cikin zazzaɓi a lokacin? Maleriya kaɗai tana iya saukar da lambar na ɗan lokaci. Mai teɓa ko ciwon suga kuma SHBG ɗinsa, furotin da ke ɗaure testosteron a jini, yakan yi ƙasa, sai jimillar ta fito ƙarama alhali wanda ke sake yana aiki bai ragu ba. Irin wannan mutum rage ƙiba yake buƙata kafin allura.

Da ka gama haihuwa, da sai in ce PCV ɗinka yana nuna jel, yaronka yana nuna allura, kuma ni zan karkata ga ƙaramar allura ta mako-mako ko Nebido har yaron ya yi wayo. Amma tunda kuna neman ƙari, kada ka zaɓi ko ɗaya tukuna, kuma kada ka yanke allurar da kanka, domin jiki zai zube na makonni. Ka yi gwajin maniyyi bayan ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka sake PCV, ka yi PSA, ka auna hawan jini. Ka haɗa da tsofaffin takardu ka nemi likitan mafitsara ko na sinadaran jiki, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da ka zauna, maganar farko da za ta fito daga bakinka ita ce kana son haihuwa.

In sakamakon ya fito kafin ranar ganin likita, ka turo mini ta akwatin sirri tare da ranar allurarka ta ƙarshe, mu duba tare. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaro.