Siki ko sinobod: amsa ga ƙaninmu na Kalgari

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙaninmu da ke karatu a Kalgari ta ƙasar Kanada ya kawo tambaya zauren nan. Ya ga matasa suna alkafura a filin tsalle-tsalle na dusar ƙanƙara, wasu da siki, wasu da sinobod, abin ya ba shi sha'awa, amma ya rasa wanda zai kama. Kuma an gaya masa wai ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, siki katakai ne biyu dogaye sirara, kowace ƙafa da nata, mutum na fuskantar gaba da sanda a kowane hannu. Sinobod kuwa allo ne guda mai faɗi, ƙafafu biyu a ɗaure a kansa, mutum na tsaye a kaikaice, kafaɗarsa ce ke gaba. Filin kuma wani yanki ne da ake killacewa a gangaren dutse, a tara dusar ƙanƙara a gina tudun tsalle, a kafa dogayen ƙarafa da akwatuna da ake zamewa a kansu. A manyan wurare har da wani kwari da ake fafewa kamar rabin bututu, wanda na gasa bangonsa ke kai ƙafa 22.

Ƙanena, maganar gabar da aka faɗa maka tana da tushe, sai dai ta tsufa. Siki ya daɗe, kuma shi ne mai gida a kan duwatsun. Sinobod baƙo ne. A 1965 wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen, a jihar Mishigan, ya haɗe siki biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa. Daga baya irin su Tom Sims da Jake Burton Carpenter, wanda ya kafa kamfanin Burton a jihar Vermont a 1977, suka mayar da abin sana'a. Waɗanda suka rungumi allon yawanci yaran birni ne da suka saba da allo mai taya, suka zo da manyan riguna da kiɗansu da rashin jin magana. Masu wuraren zamiya da yawa suka hana su hawa. Har yau akwai wurare uku a Amurka da ba a yarda da sinobod ba: Alta da Deer Valley a jihar Utah, da Mad River Glen a Vermont.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, filin da kake kallo 'yan sinobod ne suka haife shi. Su suka kwaso hawan ƙarfe da rabin bututu daga wasan allo mai taya, har sunayen kamun da ake wa allo a sama daga can aka gado su. Da farko ma akwai filayen da ba a barin 'yan siki su shiga. A lokacin siki yana da nasa salon alkafura, wanda aka nuna na gwaji a gasar Olamfik ta 1988 a nan Kalgarin da kake, amma dokoki sun ɗaure shi tamau, alƙalai sun ƙayyade abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Wasu matasan Kanada, cikinsu akwai Mike Douglas da JP Auclair da JF Cusson, suka gaji da wannan takura, suka shiga filayen 'yan sinobod suna kwaikwayonsu. Su suka shawo kan kamfanin Salomon ya ƙera siki mai lanƙwasa gaba da baya, wanda ya fito a 1998 da sunan 1080, wato juyi uku cif a sama. Wannan lanƙwasar ta baya ita ta bai wa ɗan siki damar tashi da baya, ya kuma dira da baya. A ganina ba a yi wa siki gata irin wannan ba a zamaninmu, kuma 'yan sinobod ya kamata a gode wa.

A wannan shekara ta 1998 ne sinobod ya shiga Olamfik a Nagano ta Japan. Gwanin lokacin, Terje Haakonsen ɗan ƙasar Norwe, ya ƙi zuwa, saboda an danƙa ragamar wasan a hannun hukumar siki ta duniya, FIS, maimakon ƙungiyar 'yan sinobod. 'Yan siki na fili kuwa sai 2014 a Sochi ta Rasha suka samu shiga. Sarah Burke 'yar Kanada, wadda ta yi ta fafutukar ganin hakan, ba ta ga ranar ba. Ta rasu a watan Janairun 2012 bayan ta faɗi a wajen atisaye a Park City ta jihar Utah. Na ambace ta ne don ka san wasan nan yana da haɗari, ko ga gwanaye.

Yau idan ka shiga fili za ka tarar layi ɗaya suke bi, sutura iri ɗaya, wannan yana ɗaukar wancan bidiyo. Tsokana ta rage, irin ta abokan wasa. Bambancin da ya saura yana jikinka ne.

Ranakun farko siki ya fi sauƙi. Ƙafafunka a sake suke, kana ganin inda za ka, kana iya haɗa kan katakan biyu ka rage gudu. Sinobod a farko wahala ce zalla. Da zarar gefen allon da bai dace ba ya ciji ƙanƙara, sai ka ji ka a ƙasa, ko ta fuska ko ta ƙeya, ba tare da ka ankara ba. A shimfiɗaɗɗen wuri sai ka kwance ƙafar baya kana tura kanka, haka ma wajen sauka daga kujerar igiyar da ke hawa da mutane. Amma idan ka jure har ka iya juyawa dama da hagu, ci gaba yakan zo da sauri. Shi kuwa siki, tsakanin iya tafiya da ƙwarewa akwai nisa.

A cikin fili lamarin ya rabu. Tsalle miƙaƙƙe ya fi zo wa ɗan siki da sauƙi, tunda gaba yake kallo kuma yana dira da ƙafa biyu. A kan ƙarfe kuwa ɗan sinobod ne ke da rangwame, don yana iya hawa ya bi tsawonsa yadda yake tafe, alhali ɗan siki yawanci sai ya yi tsalle ya gitta katakansa a kan ƙarfen. Tafiya da baya ma haka: ɗan sinobod ƙafar gaba kawai yake sauyawa, ɗan siki kuwa baya yake bai wa gangare da gaske, yana waige ta kafaɗa.

Faɗuwar ma ba iri ɗaya ba ce. Ɗan sinobod yakan kare da hannu, shi ya sa karayar wuyan hannu ta fi yawa a wajensu. Ɗan siki gwiwa ce ke shan wuya, don dogon katako na iya murɗe ƙafa ya tsinka jijiya, duk da an yi maɗaurinsa yadda zai saki takalmi idan an faɗi. Maɗaurin sinobod ba ya saki. Takalmin siki na roba mai tauri ne, tafiya da shi azaba ce, na sinobod kuwa yana da laushi.

Tunda abin da ya ja hankalinka shi ne filin, ba yawon dutse ba, ni sinobod zan ce ka kama, musamman idan ka taɓa hawa allo mai taya. Idan kuma abokan da za ka riƙa fita da su duk 'yan siki ne, bi su, don mai koya maka a kusa ya fi kowace hujja da na kawo. Kada ka sayi kaya tukuna. Filin Olamfik na 1988 yana cikin garinku, ana ba da hayar kaya, akwai masu koyarwa. Gwada kowanne na yini guda.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka leƙa filin tsalle-tsallen sai ka iya tsayawa da juyawa ba fargaba. Sa hular kwano, idan sinobod ne ka ƙara da makarin wuyan hannu. Ana rubuta girman kowane tudu a bakinsa, fara da mafi ƙanƙanta, kuma ka zagaya ka dube shi kafin ka hau. Jira layinka, ɗaga hannu ka sanar kafin ka gangara. Idan ka faɗi a bayan tudu, kauce gefe nan take matuƙar kana iya motsi, don wanda ke tahowa daga sama ba ya hango ka.