Katin lafiyar nan na kyauta ya rufa min asiri, amma maganin Inna fa?

Wallahi lokacin da aka ce ana rajistar inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi a mazaɓarmu ban ɗauke ta da wani muhimmanci ba, na ce a ɗauki hotonka ne kawai a tafi. Maiɗakina ce ta matsa don tana da ciki, muka je ƙaramin asibitin unguwa da lambar NIN aka rubuta ta ita da Inna. Ni ban samu shiga ba, an ce an fi duba masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu naƙasa. Ko sisi ba mu bayar ba.

Ranar haihuwa na san darajar katin nan. Naƙuda tun la'asar har ƙarfe 2 na dare shiru, nas ɗin ta fito ta ce, "Malam, yaron nan a gicciye yake, sai an yi mata aiki," ta rubuta mana takardar turawa babban asibiti. A cikin adaidaita ita tana salati ni ina lissafin nawa keken ɗinkina zai yi idan na kaɗar da shi da safe, har na buga wa ƙanena na ce ya fara nemo mai saye. Muna isa na miƙa katin hannuna na rawa, mutumin ya duba takardar ya yi waya ya rubuta wata lamba a jiki, ya ce, "Je ka zauna Malam, ba ka da biyan komai." Na sake tambaya don na zaci ban ji daidai ba. Aiki, gado kwana 4, ƙarin ruwa, allurai, duk ba a karɓi ko naira ba, jini ne kawai ƙanena ya bayar. Na fita waje na yi kuka, Allah ne shaida.

Daga baya wani ma'aikaci ya min bayani cewa kuɗin daga asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF yake fitowa, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a riƙa ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Ƙaramin asibitin da ka zaɓa ana biyansa a kan kowane mutum da ke rajistarsa, ya zo ko bai zo ba, babban aiki irin tiyata kuma lissafinsa daban, shi ya sa takardar turawar nan take da muhimmanci, in ka tsallake ta ka tafi kai tsaye aljihunka ne zai ji.

To jin wannan bayanin ne ma ya tayar min da tsohon haushi. Inna na da hawan jini, sau 3 ke nan ana gwada ta a ce "maganin ya ƙare Hajiya, sai dai a kemis." To in ana biyanku a kanta, me ya sa ni zan saya? Tsohuwa ta bi layi tun sassafe da ciwon gwiwa ta dawo da takarda zalla. Kuma da ta je wajen yayata a wani gari ta kwanta ciwo, cewa aka yi katin ba na nan ba ne, sai da muka biya.

Ranar Litinin zan sake raka ta, kuma wannan karon sai na ga shugaban asibitin da kaina.