Ƙarar da ke ƙarƙashin motata, da garejin da ya so sauya mini ƙafar gaba gaba ɗaya

Shekara 2 ina kai motata wannan gareji, kuma tsakani da Allah ban taɓa samun matsala da su a juyen baƙin mai ko aikin birki ba. Wurin a tsabtace yake, suna da na'urar ɗaga mota, suna kuma rubuta wa mutum takardar duk abin da aka yi masa. Shi ya sa da ƙara ta fara fitowa daga ƙarƙashin motar ban yi tunanin zuwa wani wuri ba. Abin da ya faru a wannan zuwan ne har yanzu yake ci mini rai.

Ƙarar ba ta kowane lokaci ba ce. In ina gudu a kan kwalta mai kyau, shiru kake ji. Da zarar na rage gudu na shiga gargada, ko taya ɗaya ta faɗa ɗan rami, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga gaba ta hannun dama, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma. Na kuma lura da wani abu: in tayoyin gaba biyu suka hau tudun rage gudu a tare, ƙarar ba ta cika fitowa ba, amma in na hau shi a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya, sai ta fito ɓaro-ɓaro. Duk wannan na zayyana wa mai karɓar motoci. Abin da ya rubuta a takarda kalma 3 ne kawai: ƙara a ƙafa.

Babu wanda ya shiga motar ya zagaya da ita don ya ji da kunnensa. Aka ɗaga ta, na zauna jira, bayan kamar minti 40 babban bakaniken ya fito da takarda. Shokazoba 2, lowa am 2 (ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota), rak ɗin sitiyari (ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi), sannan alaimin, wato saitin taya. Ya ce, "Yallaɓai, ƙafar nan ta gaji gaba ɗaya, gara a yi ta lokaci guda ka huta."

Na ce, "Malam, ban ƙi ba, amma mu je ka nuna mini wanne ne yake ƙarar."

Na ga bai ji daɗin maganar ba, amma ya yarda muka shiga ƙarƙashin motar da fitila. Na fara da shokazoba. Wadda ta mutu yawanci za ka ga mai ya zubo ya jiƙa jikinta, ƙura ta manne ta zama baƙin laka, kuma motar za ta riƙa lilo bayan ta wuce tudu. Nawa a bushe suke, ƙura ce kawai fara. Kafin na fito daga gida ma na danna kusurwar motar da ƙarfi na saki, ta taso ta tsaya cak. Muka koma kan lowa am, ya haska mini 'yan tsage-tsage a fuskar bushin, wato robar da ke mahaɗinsa da jikin mota. Na roƙe shi ya sa dogon ƙarfe ya banƙara mu ga ko zai yi wasa. Ya banƙara, robar ta ɗan lotsa ta dawo, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Na kama tayar sama da ƙasa na jijjiga, yadda ake gane bol joyin (gaɓar da ke haɗa lowa am da ɓangaren taya) ko boris (abin da taya ke juyawa a kansa) da ya saki, ba motsi. Na kama ta hagu da dama, yadda ake gane tayrod (sandan da ke haɗa rak da taya), nan ma ba motsi. Rak ɗin sitiyari kuwa robobinsa biyu lafiya lau, ba ɗigon mai, kuma sitiyarin bai taɓa yi mini wasa a hannu ba.

Amsar da ya ba ni ita ce, ai shekarun motar sun kai. Wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai. Ban kawo mota don a ƙirga mata shekaru ba, na kawo ta ne don wata ƙara guda ɗaya, kuma a cikin kayan nan da ya jero bai iya ɗora hannu a kan ko ɗaya ya ce ga inda take fitowa ba. Na biya kuɗin dubawa, na ce a sauko mini da motata.

Ɗan abin da na sani na ƙarar mota daga kawuna na koya, wanda ya yi shekaru yana tuƙi. Shi ya nuna mini cewa kowace ƙara tana da lokacin fitowarta, kuma lokacin ne yake tona asirinta. Ƙat-ƙat-ƙat da ke fitowa in ka karya sitiyari har ƙarshe kana taka mai, ta kan shaf ce, wato gaɓar sandan da ke juya taya, galibi bayan robarsa ta yage giris ya fice ƙasa ta shiga. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda yake sauya murya in ka ɗan karkata hagu ko dama, boris ne. Kacau-kacau kamar na gwangwani ko da mota tana tsaye injin na aiki, sau da yawa faifan kare zafi ne na jikin salansa ya saki, kuma ɗaure shi kawai ake yi. Tawa ba ta yi kama da ko ɗaya a cikinsu ba.

Washegari na kai ta wurin wani bakanike dattijo da ke aiki a kan rami. Abu na farko da ya ce shi ne, "Shiga mu zagaya in ji ta." Muka yi minti 10 a hanya mai gargada, ya sa na hau wani tudu a karkace sau 2, bai ce komai ba. Da muka dawo ya shiga rami, motar tana tsaye a kan tayoyinta, ya kama wani siririn ƙarfe mai kamar tsawon taƙi guda ko fiye kaɗan ya jijjiga. Ƙwas. Ita ce dai ƙarar da na yi makonni ina ji.

Linkejin sitabilaiza ne. Sitabilaiza wani lanƙwasasshen sandan ƙarfe ne da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciyar mota a kwana, linkeji kuma shi ne yake ɗaure kowane bakinsa da ƙafar. Sandan yana murɗewa ne in taya ɗaya ta yi sama ɗayar tana ƙasa, a lokacin ne nauyi ke hawa kan linkejin, shi ya sa ƙarar ta fi fitowa a karkace. Ya haska mini kansa na ƙasa: robar ta yage, giris ya bushe, tsatsa ja ta fito. Ya kuma ce in aka ɗaga taya ɗaya kawai da jak, sandan yana ɗaurewa tamau har wasan ya ɓuya, amma na'urar da ke ɗaga mota gaba ɗaya ba ta ɓoye shi. Wato a garejin farko hannu kawai ya rage wani ya kai wurin.

Bai ma tsaya nan ba. Ya kwance linkejin, ya ɗaure bakin sandan da waya don kada ya taɓa komai, muka sake bin hanyar a hankali. Tsit. Sai a lokacin ya ce in sayo sabo. Na sayi 2 aka sauya hagu da dama, tunda tare suka tsufa. Ba a yi alaimin ba, don wannan aikin ba ya taɓa saitin taya. Duk abin da na kashe bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da ke waccan takardar ba.

Don adalci, shi ma dattijon ya ce bushin ɗin lowa am sun fara tsufa, wata rana za su nemi sauyi, in riƙa sa ido. Kuma ni ban yarda a yi sakaci da ƙarar ƙafa ba. Bol joyin in ya fita a kan gudu taya karyewa take yi ta kwanta, wannan kuma maganar rai ce. Da sun nuna mini wasa a nan, da a ranar zan biya ba musu.

Na koma garejin farko da tsohon linkejin a leda, na nemi manaja, na ajiye masa shi a kan tebur tare da takardar da suka rubuta mini. Ya saurare ni da mutunci, ya juya ƙarfen a hannunsa ya ji yadda kan yake lilo, ya ba ni haƙuri, ya ce ya kamata a fara gwada motar a hanya. Amma bai yarda cewa takardar tasu kuskure ce ba, ya ce shawara ce ta rigakafi. Na ce masa ba haka aka gabatar mini da ita ba, an ce mini su ne maganin ƙarar. Kuɗin dubawa ma ba su mayar ba.

Juyen mai zan iya ci gaba da yi a wurinsu, amma aikin ƙafa na daina kai musu. Yau wata 4 ke nan, shokazoba da lowa am da rak ɗin da aka ce sun gaji duk suna nan a jikin motar, ina bin wannan gargadar kullum safe da yamma, ƙarar ba ta dawo ba.