Gargaɗi ga masu tafiya Umra da 'yan kasuwar Kebbi: kar ku bar ragowar guzuri a katin ejan

Jama'ar Birnin Kebbi, Jega, Aliero, Argungu da Kamba, musamman masu niyyar Umra da 'yan kasuwarmu da ke zuwa Dubai da China, ga wata hanyar cuta da ta shigo mana, don Allah ku karanta wa iyayenmu da ba su yi boko ba. Akwai wasu ejan-ejan, wasu suna raɓe da kamfanonin jirgin yawo, wasu kuwa ko shago ba su da shi sai lambar WhatsApp, da ke sayar wa matafiya katin guzuri, irin wanda ake zuba wa dala ko riyal tun daga gida, a je can a riƙa cira. Katin kansa ba shi da laifi. Cutar tana cikin shawarar da suke ba ka kan ragowar kuɗin bayan ka dawo, da amsar da suka tanadar maka ranar da ka je nema ka tarar wayam.

Ba abin mamaki ba ne kasuwarsu ta buɗe a nan. Mu mutane ne masu tafiya. Ko jirgin farko na alhazan Najeriya a Hajjin 2024 daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ya tashi. A watan Fabrairun 2024 ɗin kuma Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina bai wa matafiya kuɗin guzuri a hannu, sai ta kati da makamantansa. Alhazan 2025 sun samu an ba su tsabar dala 500 ɗinsu bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, to amma magana ta riga ta zauna a kan mutane cewa yanzu zamanin kati ne. Ga kuma faɗuwar naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa ya ajiye dala, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

To a nan ejan yake shigowa. Ka dawo lafiya, ana ta yi maka barka da sauka, sai ya zo da fara'a: "Alhaji, kar ka taɓa sauran, bar shi a dala. Naira kullum ƙasa take yi. Baɗi in Allah ya kai mu ka tarar abinka ya yi daraja." Magana mai daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ce, shi ya sa take shiga.

Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, da yawa daga irin waɗannan katuna suna da cajin rashin amfani. Wato in aka ɗauki wani lokaci ba ka zuba ba, ba ka cira ba, ba ka sayi komai da shi ba, kamfanin da ya fitar da katin zai fara yankar wani abu duk wata daga abin da ya rage. Agogon yana fara bugawa ne daga ranar da ka yi mu'amala ta ƙarshe, kuma a mafi yawansu duba balas kawai ba ya cikin lissafi. A Ingila, inda katunan matafiya suka daɗe, abin da aka fi gani shi ne wajen fam 2 a wata bayan an yi wata 12 ba a taɓa katin ba. A Amurka har doka aka yi a 2009 kan katunan da ake zuba wa kuɗi a ba wani kyauta: ba a cire wannan caji sai an cika wata 12 kati na kwance, kuma sau ɗaya rak a wata. Amma dokar Amurka ba za ta biyo katin da ka karɓa a bakin tasha ba. Kowane kati da takardar sharuɗɗansa yake zuwa, kuma a cikinta aka rubuta yaushe cajin zai fara da nawa ne. Wannan takardar ce ejan yake zarewa ya miƙo maka katin tsirara.

Da a ce abin ya tsaya a nan, da sai mu ce ɓoye aibin haja ne, mu yi Allah wadai mu wuce. Amma ku zo mu yi lissafi, don lissafin ne yake tona su. A ɗauka katinka yana cin dala 3 duk wata bayan shekara guda. Ka bar dala 400. Shekarar farko ba a taɓa ko sisi ba. Shekara ta biyu an ci dala 36. Kafin wannan caji ya cinye dala 400 sai an shafe fiye da shekara 11 ana yanka. Ko da a ce katin mugu ne, dala 5 yake ci tun daga wata na farko, a shekara dala 60 ke nan. Ƙwaro yana ɓarna a rumbu, amma wanda ya rufe rumbunsa cike da shinkafa ya buɗe bayan damina ɗaya ya tarar ko tsaba babu, ba zai tsaya zagin ƙwaro ba, sawun mutum zai nema. Saboda cajin gaskiya ne, akwai shi, kuma an rubuta shi da Turanci a intanet, sai ya zama mafaka. Ejan ya kwashe kuɗin da hannunsa, ya ɗora wa caji.

Goggona mai sayar da shinkafa a kasuwar Jega haka aka yi mata. Ta je Umrar azumi da katin da wani ejan ya yi mata, mutumin da surukinta ya sani a masallacin unguwa. Ba mai yawan tsaraba ba ce, ta dawo da ragowa mai kauri, aka ba ta waccan shawarar ta ɗauka. Ba a ma zagayo shekara ba bikin jikarta ya taso, ta aika a ciro mata. Sai ga amsa: "Hajiya, ai katin ya kwanta, kamfani ya cinye da caji." Ya haɗo da hoton wani shafi da Turanci mai bayanin cajin rashin amfani, ya ja jan layi a ƙarƙashi. Kuma wai in tana so a tayar da katin a ga ko za a ceto wani abu, sai ta turo kuɗin farfaɗowa a naira, ta asusunsa.

Ta kira ni ta ce, "Ɗana, zo ka duba mani, ni ban gane yadda kati ka cin kuɗi shi kaɗai ba." Na je wurinsa da ladabi, don dattijo ne. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba musu muka zo ba. A fitar mana da takardar shige da ficen kuɗin katin, mu ga kowane wata nawa aka cire." Ya ce, "Yaro, ba ka san harkar nan ba, daga waje ake sarrafa ta." Yau babu sabis, gobe ofishin Dubai suna hutu. Da muka sauke manhajar katin a wayarta muka gwada shiga, sai aka ce an tura lambar tantancewa zuwa wani layi. Lambobin ƙarshe da suka fito ba na Goggo ba ne. Nasa ne.

Wannan ita ce zuciyar damfarar. Lokacin da kake miƙa fasfo da kuɗi kana cewa "ka yi mani komai, ni ban iya ba", shi layinsa da imel ɗinsa yake sa wa a rajista. Daga ranar, roba ce kawai a aljihunka. Alat wayarsa yake zuwa, lambar tantancewa wayarsa take zuwa, yana iya sayayya a intanet da lambobin katin ko ya juya kuɗin zuwa wani wuri kana barci. Wani ma ba da sunanka ya buɗe ba, asusunsa ne ya fitar maka da kati a ƙarƙashinsa. Yayin da kake Makka ba zai taɓa ba, don in kati ya ƙi aiki a can za a yi hayaniya ayari duka su ji. Sai ka dawo, ka shiga hidimarka, ka manta.

Goggo ta samu wani kaso bayan manya sun shiga tsakani, sauran har yanzu "ana jiran kamfani". Abin da ya fi ba ni haushi ba ejan ɗin ba ne, mu ne. Da labarin ya fita sai ga wasu suna cewa su ma haka aka gaya musu, suka haƙura. Mutum ya dawo daga ƙasa mai tsarki, yana jin nauyin ya tsaya rigimar kuɗi da wanda ya yi masa jagora, sai ya ce ya bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shirun da ka yi shi ne ya kai maƙwabcinka hannun mutumin a azumi mai zuwa.

Maganar kuɗin farfaɗowa kuwa, ku riƙe wannan. In katin na bankin Najeriya ne, jadawalin caji da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya tsayar da kuɗin kula da katin kuɗin waje a dala 10 a shekara. Ƙa'idojin Yulin 2024 kan asusun da aka daɗe ba a taɓa ba sun ce asusu ba ya shiga wannan sahu sai ya shekara a kwance, ba a cajin mai shi don ya tayar da shi, kuma ko ya kai shekara 10 kuɗin ba su zama na banki ba, Babban Banki ake mayar wa ajiya har mai su ko magadansa su zo. In kuwa katin na wani kamfanin waje ne, cajinsa daga cikin katin yake cira da kansa. Babu inda kamfani yake cewa a tura naira asusun wani mutum a Birnin Kebbi kafin ya buɗe maka.

Akwai kuma 'yan bayan fage masu kiran waya. Sun san wanda ya je Umra, don jerin sunayen ayari da lambobinsu yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp. Sai a kira da murya mai ladabi a ce daga kamfanin kati ne, gobe za a fara cire maka cajin rashin amfani, ka karanto lambobin jikin katin da lambar da za ta shigo wayarka a dakatar. Kashe wayar kawai. Babu banki ko kamfanin kirki da ke tambayar lambar sirri ko OTP, wato lambar tantancewar da ke shigowa wayarka.

Mai shirin tafiya, kafin ka ba da ko kwabo, juya bayan katin ka karanta sunan banki ko kamfanin da ya fitar da shi. Tambarin Visa ko Mastercard ba shi ne mai katin ba, hanya ce kawai da kuɗin ke bi, kuma ba wurinsu za ka kai kuka ba. A yi rajista a gabanka da layinka, ko na ɗanka da ka amince da shi, ka ga alat ɗin farko ya shigo kafin ka tashi. Ka karɓi takardar caji, a karanta maka wurin da ya yi maganar rashin amfani, da ranar da katin zai daina aiki, da abin da ake cira in za ka kwashe ragowa. In ya ce shi ɗan canji ne mai lasisi, ya nuna, don a Maris ɗin 2024 kaɗai Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. In da sunan kamfanin jirgin yawo ya zo, NAHCON ce ke ba su lasisi, ana iya bincikawa.

In tafiya ta zo ƙarshe, ka share katin tun kana can. Ɗan abin da ya rage ka sayi dabino da tasbaha a Madina ko Jidda, mai yawa ka cire shi a riyal. Tun 1986 riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka wanda ya riƙe riyal a hannu bai yi asarar abin da ejan yake kwaɗaita masa ba. Mai son ajiyar dala ta dogon lokaci ya je banki ya buɗe asusun dala da sunansa da BVN ɗinsa. Wanda kuma dole sai ya bar wani abu a kati don tafiyarsa ta kusa, ya riƙa ɗan sayayya da shi lokaci-lokaci, a mafi yawan katuna hakan yana mayar da agogon farko.

Wanda abin ya riga ya shafa, kar ya tsaya cacar baki da ejan. Ya rubuta wa bankin da ya fitar da katin yana neman cikakken bayanin shige da fice, ya riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimi. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, sai ya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. In bayanin ya nuna hannun mutum ne, to maganar ta koma ta 'yan sanda, ko ofishin EFCC na shiyya da ke Sakkwato, wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa. Ku tafi da katin, da shaidar tura kuɗin da kuka yi wa ejan, da saƙonnin muryar da ya turo muku a WhatsApp. Ku adana su a wata wayar tun kafin ku tunkare shi, don da ya ji an ambaci hukuma abin da yake fara yi shi ne goge su.