Allura ko tiyata? Amsa ga Hajiya mai kyanwa

Wata Hajiya daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ta yi tambaya jiya da dare: kyanwarta ta haihu sau biyu a bana, ga wani cikin kuma, maƙwabta sun gaji da karɓar 'ya'ya. An ba ta shawarar allurar hana haihuwa, wani kuma ya ce a yi mata tiyata. Wanne ya fi?

Hajiya, Allah ya saka da alheri da ba ki zuba su a buhu an kai bayan gari ba. Na taɓa tsintar irin wannan buhu a hanyar Argungu, guda huɗu a ciki, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Ɗaya kaɗai ta rayu, ita ce mussar da ke gidana yau, kuma an yi mata tiyatar.

Abin da ya sa kike ganin haihuwar ba ta tsayawa shi ne cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kacal, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, kuma ba ta jiran yaye ya yi nisa kafin ta sake neman barbara.

Allurar tana da araha, babu yanka, babu jinya. Amfaninta ke nan, ban san wani ba. Dole a riƙa maimaita ta, ranar da aka makara ciki ya shiga. Abin da ya fi damuna shi ne sinadarin da ke cikinta yana ƙara haɗarin ruɓewar mahaifa, wato ta cika da mugunya, da kuma ƙari a nono. Dabbar za ta daina cin abinci, ta yi ta shan ruwa, ciki ya kumbura, a ƙarshe a koma ga tiyatar da aka gudu, amma yanzu ta gaggawa, mai tsada, a kan jikin da ya riga ya galabaita. Don Allah kada a ɗauko allurar tazarar haihuwa ta mata daga kemis a tsira wa dabba.

Tiyata kuwa sau ɗaya ce. Likitan dabbobi zai sa ta barci, ya cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, ya ɗinke. Kuɗinta ya fi, kuma allurar barci ba ta rasa ɗan haɗari. Jinyar kwana 10 zuwa 14 ce. Tawa ta yini biyu a kwance cikin kwali, na sa mata 'yar rigar jariri don kada ta lashi ɗinkin, a rana ta uku ta fito tana bin ƙadangare da ido. Tun daga nan babu kukan dare, babu muzuru a kan katanga. Mahaifar da aka cire ba za ta ruɓe ba, kuma idan an yi aikin tun tana ƙarama haɗarin ƙarin nono yana raguwa sosai. Tana iya yin ƙiba, sai a rage mata abinci. Kamun ɓera yana nan.

Na muzuru ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, fiɗiya ce ta 'yan mintoci. Yawo da faɗa da fesa fitsari a bango duk suna raguwa.

Masu karnuka a gona ko garke, lissafin kusan ɗaya ne. Karya tana neman barbara kamar sau biyu a shekara, kare kuma sai ya bar gadi ya bi ta, ya dawo da cizo, wani lokaci da ƙarin nan na al'aura mai zubar da jini da suke ɗauka wajen barbara. Fiɗiya ba ta hana kare haushi ko tsare gida. Amma kare ba bunsuru ba ne, kada a yi masa dandaƙa ko ɗaurin roba a gida. Irin karnukan nan masu girman jiki kuma likitoci kan so su gama girma tukuna kafin a yi musu aikin. Tiyata ba ta maye gurbin rigakafin haukan kare, wannan daga wata uku ake farawa, har da kyanwa, a riƙa sabuntawa.

Batun halasci, malamai sun yi saɓani a kai, da yawa sun yarda idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ki tambayi malaminki don zuciyarki ta natsu.

Ni dai, Hajiya, tiyata na zaɓa. Ki bari ta haihu ta yaye, sannan ki kai ta asibitin dabbobi na gwamnati a nan Birnin Kebbi, ki tambaya ko suna yin aikin. In ba haka ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kafin ranar ki tsare ta a ɗaki, don muzuru ba ya jira.